Jami'ar waje ba ta bin ɗalibi: yadda za ka ci moriyar zamanka tun daga makon farko

Ranar da biza ta fito, yawancinmu gani muke wahala ta ƙare. An sha zirga-zirgar takardu, an yi jarrabawar harshe, an jira amsa har an gaji, yanzu ga tambari a fasfo. Sai mutum ya saki jiki. Amma ka ɗauki alƙalami ka yi lissafi. Digiri na biyu a Birtaniya wata 12 ne a mafi yawan jami'o'i, kuma zaman aji a ciki zango biyu ne, kowanne mako goma zuwa goma sha biyu. Ragowar lokacin na jarrabawa ne da rubuta kundin bincike. Ke nan wanda ya ɓata wata biyu yana "sabawa da gari" ya cinye kusan duk zangon farko bai san sunan malami ko ɗaya ba.

Abin da nake so ka riƙe kafin mu shiga matakai shi ne wannan: irin waɗannan jami'o'i sun tanadi kusan komai, daga mai duba maka rubutu zuwa mai gyara maka takardar neman aiki, kuma kuɗin duk wannan yana cikin abin da aka biya maka. Sai dai babu wanda zai zo ƙofar ɗakinka ya ce ka fito ka karɓa. Suna ɗaukar ka a matsayin baligi mai hankalin kansa. Wanda ya tambaya a ba shi, wanda ya yi shiru a ɗauka ba ya bukata.

Mataki na farko: fara lissafi daga ranar tashi

Kafin ka hau jirgi, ko a makon farko in ka riga ka sauka, samu takarda ka rubuta ranar da bizarka za ta ƙare. A ƙarƙashinta rubuta abubuwan da kake son su kasance a hannunka a wannan rana, ban da satifiket. Kada su wuce huɗu ko biyar, kuma su zama abin da za a iya nunawa. "In ƙaru da ilimi" ba buri ba ne da za ka iya aunawa. Ga irin waɗanda nake nufi: malamai biyu da suka san ni sosai har za su rubuta mini takardar shaida, aikin horo na wata uku a fannina, harshen ƙasar ya kai matakin da zan iya yin hirar neman aiki da shi, aikin bincike ɗaya da zan iya ajiye wa kowa a tebur ba tare da jin kunya ba.

Daga nan sai ka dawo baya. In kana son horon aiki a watan Yuni, yaushe ake rufe karɓar takardu? A Birtaniya manyan kamfanoni kan buɗe ƙofar ɗaukar sababbin masu digiri tun daga Satumba zuwa Nuwamba, wato daidai lokacin da kai kake neman inda ake sayar da bargo. A Amurka ma baje kolin masu ɗaukar ma'aikata na farko yakan zo a farkon zangon kaka. Da yawa daga ɗaliban waje ba sa jin labarin wannan sai a watan Maris, bayan an gama rabo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu: gama da takardu a mako biyu

Wannan ɓangaren ba daɗi gare shi, don haka yi shi da wuri ka huta. Kowace ƙasa da nata tsarin. A Jamus doka ta ce ka yi rajistar adireshinka a ofishin hukumar gari cikin kwana 14 da shiga gida, kuma takardar wannan rajista ita ce mabuɗin abubuwa da yawa da za su biyo baya. A Amurka mai bizar ɗalibi ta F-1 in ya sauya gida dole ya sanar cikin kwana 10. A Birtaniya yi rajista da likitan unguwa tun kana lafiya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ba ranar cike fom ba ce.

Buɗe asusun banki, samu layin waya, ka tabbatar da inshorar lafiya. Ɗauki hoton fasfo, biza, takardar shiga makaranta da yarjejeniyar haya, ka ajiye a wuri biyu a intanet. Ranar da ka shiga ɗakin haya, ɗauki hoton kowane tabo a bango da kowace karaya a kujera, ka tura wa mai gidan ta imel, saboda ranar fita ita ce ranar da ake tuna tabo. A Ingila doka ta wajabta wa mai gida ya saka kuɗin ajiyar ɗan haya a ɗaya daga cikin tsare-tsaren kariya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, don haka nemi shaidar hakan.

Sannan ka san ƙofar ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Duk wata tambaya da ta shafi biza, can za ka kai ta. Kada ka kai ta zauren WhatsApp inda wani zai ce "ai wani abokina ya yi haka kuma ba abin da ya faru". Dokokin nan suna sauyawa kusan kowace shekara, abin da ya halatta ga wanda ya zo shekara uku da suka wuce yana iya zama laifi a kanka.

Mataki na uku: fahimci yadda ake auna ka

Nan ne zan daɗe, domin nan ne haziƙai suke tuntuɓe.

Fara da ma'anar maki. A Birtaniya 70 cikin 100 shi ne matakin daraja ta ɗaya, ana cin kwas da 40 a digirin farko, da 50 a digiri na biyu a yawancin jami'o'i, kuma a fannonin rubutu da wuya ka ga an ba da sama da 80. A Jamus lissafin a juye yake: 1.0 ya fi kowane maki kyau, 4.0 shi ne ƙarshen tsira. A Faransa bisa 20 ake yi, 10 an ci, 16 kuwa abin a taya ka murna ne. A Amurka ana tara maki bisa ma'aunin 4.0, kuma ƙananan gwaje-gwaje, aikin gida da magana a aji duk suna shiga lissafi tun daga makon farko. Ni kaina aikina na farko da ya dawo da 64 a ma'aunin Birtaniya na kwana ban yi barcin kirki ba, ina ganin na kunyata. Sai da wata 'yar ajinmu ta yi dariya ta ce ita ma abin da take fata ke nan.

Sai kiredit, wato ma'aunin nauyin aikin da kowane kwas yake bukata. A tsarin ECTS da ƙasashen Turai suke amfani da shi, shekara ɗaya kiredit 60 ce, kowane kiredit kuma yana nufin aikin awa 25 zuwa 30. A Birtaniya kiredit ɗaya awa 10 ne, digiri na biyu kuma kiredit 180, wato awa 1,800. Duba jadawalinka: wataƙila zaman ajin bai wuce awa goma ko goma sha biyu a mako ba. Ina sauran sa'o'in suka tafi? Naka ne, kai kaɗai, a ɗakin karatu. Ɗalibin da ya ga jadawali fayau ya ɗauka an ba shi hutu, shi ne wanda zai ga ayyuka huɗu sun faɗo masa a mako ɗaya cikin Disamba.

Kowane kwas yana da takardar bayani da ake rabawa a farkon zango. Karanta ta kamar yarjejeniyar bashi. A ciki za ka ga kashi nawa jarrabawa ta ɗauka, kashi nawa rubutu, ranar miƙa kowane aiki, da hukuncin makara. Kwashe duk ranakun ka zuba a kalandar wayarka a zama ɗaya, kowanne da tunatarwa mako biyu kafin lokaci. Nemi kuma takardar da ke bayyana abin da mai duba aiki yake nema a kowane matakin maki. Idan ka karanta ta za ka lura da wani abu: maimaita abin da malam ya faɗa a lakca, ko da daidai ne ɗari bisa ɗari, matsakaicin maki yake kawowa. Babban maki na wanda ya ɗauki matsayi ne, ya kawo hujja, ya ambaci masu saɓa masa, ya nuna inda hujjarsu ta yi rauni. Wanda ya taso a tsarin da ake yaba hadda zai ji wannan kamar rashin kunya, a ce ɗalibi ya ce farfesa wane bai yi daidai ba. Su kuwa abin da suke jira ke nan, muddin ka zo da dalili.

Akwai ƙananan dokoki masu kisa da ba kowa yake faɗa maka ba. A jami'o'in Jamus da yawa halartar lakca ba ya nufin an yi maka rajistar jarrabawa, sai ka yi da kanka cikin wa'adi. Kuma sau da yawa dama uku ce kawai a kowane kwas na dole. Wanda ya faɗi ta ƙarshe yana iya rasa damar ci gaba da wannan fanni. A Amurka akwai ɗan lokaci a farkon zango da za ka iya ajiye kwas ka ɗauki wani ba tare da ya bar tabo a takardar makinka ba, amma ɗalibin digirin farko mai bizar F-1 ba zai sauka ƙasa da kiredit 12 ba sai da izini. Sannan kusan kowace jami'a tana da hanyar neman uzuri idan rashin lafiya ko rasuwa ta same ka. Sharaɗin dai ka nema a kan lokaci, da shaida. Bayan sakamako ya fito, kuka ba ya aiki.

Game da yadda ake karatun kansa, abu biyu sun ishe ka. Rarraba bita a kan kwanaki maimakon tara ta a daren jarrabawa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda abin da aka koya yake zubewa da sauri a kwanakin farko in ba a waiwaye shi ba. Na biyu, rufe littafi ka gwada faɗin abin da ka karanta, ko ka amsa tambayoyin shekarun baya, waɗanda ɗakin karatu kan ajiye. Sake karanta shafi sau biyar kana shafa masa launi yana sa ka ji kamar ka iya, alhali idonka ne kawai ya saba da shi.

Mataki na huɗu: satar rubutu

Na ware wannan daban domin ya kori ɗaliban da ba su da niyyar ha'inci ko kaɗan. Ɗauko jimlar wani ba tare da alamar ɗauko magana ba laifi ne. Sauya kalmomi biyu-uku a cikinta ka bar gininta laifi ne. Ɗaukar ra'ayin wani ka faɗe shi da kalmominka ba ka ambace shi ba laifi ne. Miƙa aikin da ka taɓa miƙawa a wani kwas laifi ne, ko da naka ne. Ba abokinka aikinka "ya duba yadda ka tsara" shi ma yana iya jawo muku tuhuma ku biyu. Jami'o'i da yawa suna wuce da kowane aiki ta manhajar Turnitin, wadda ke kwatanta shi da abin da ke intanet da ayyukan ɗaliban baya.

Rigakafin mai sauƙi ne. Sauke Zotero, manhajar adana madogaran rubutu, kyauta ce, ka riƙa jefa duk abin da ka karanta a ciki tun ranar farko. Idan kana ɗaukar bayani daga littafi, bambanta kalmomin marubucin da naka da wata alama da ba za ka manta ba, domin bayan wata guda ba za ka iya tuna wace jimla ce taka ba. Tambayi sashenku salon ambaton madogara da suke bi, ka tsaya a kansa. Batun manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa, kowace jami'a, wani lokaci ma kowane malami, da nasa hukuncin. Tambaya a rubuce, ka ajiye amsar. Masu tallan "za mu rubuta maka aiki" da ke cika akwatin saƙo, kada ka ko amsa musu; akwai waɗanda bayan sun karɓi kuɗi suke dawowa da barazanar tona asiri.

Mataki na biyar: sa malamai su san sunanka

Kusan kowane malami yana da sa'o'in da ya ware a mako, yana zaune a ofis ƙofa a buɗe, don ɗalibai kawai. Sau da yawa ba mai zuwa. Ɗalibin da ya saba ganin malami kamar sarki yana jin nauyin ƙwanƙwasawa, yana cewa kada ya dame shi. Ba damu ba ne, aikin da ake biyan sa ya yi ke nan.

Je a cikin mako uku na farko, kafin ka shiga matsala. Kada ka je hannu rabbana. Zo da tambaya takamaimiya: "Malam, a lakcar Talata ka ce kaza, amma maƙalar da ka ba mu ta ce akasin haka, ina ne na kasa ganewa?" Idan aikinka ya dawo, koma da shi, ba don neman ƙarin maki ba, sai don ka ce: "Wane abu ɗaya zan gyara a na gaba?" Karanta maƙala ɗaya daga cikin waɗanda ya wallafa, musamman in kana tunanin ya duba maka kundin bincike. Malamai nagari suna cika da wuri, wanda ya fara magana da su tun zangon farko shi ke samu.

Me ya sa na nace? Domin ranar da za ka nemi gurbin digiri na uku, ko tallafi, ko aiki, za a ce ka kawo sunayen mutum biyu ko uku da za su yi maka shaida. Takardar da ta ce "ya halarci ajina ya sami maki kaza" ba ta buɗe ƙofa. Wadda ke buɗewa ita ce ta malamin da zai iya ba da labarin ranar da ka kawo masa wata tambaya da ta sa shi tunani. Kuma aikin taimaka wa bincike, wanda galibi ba a tallata shi, a irin wannan zama ake jin labarinsa.

A imel, rubuta gajere: gaisuwa layi ɗaya, sunanka da kwas ɗinka, bukatarka, godiya. Doguwar gaisuwa da tambayar iyali tana rikita su. In malam ya ce ka kira shi da sunansa kai tsaye, kira shi. In ba ka tabbata ba, fara da laƙabinsa na Dakta ko Farfesa. A Jamus da Faransa an fi riƙe laƙabi fiye da Birtaniya da Ostireliya.

Mataki na shida: mutane da harshe

'Yan ƙasarku za su zama ginshiƙinka, su za su tarbe ka, su nuna maka gari, su zauna da kai ranar da kewa ta taso. Riƙe su da kyau. Amma na ga wanda ya yi shekara uku a ƙasar waje, gidansa, cin abincinsa, karatunsa da yawonsa duk a cikin mutum shida da suka zo daga wuri ɗaya. Ya dawo da satifiket, harshensa yana nan inda ya bar shi, kuma babu lambar mutum ɗaya a wayarsa daga wata ƙasa. Sabo turken wawa.

Dabarar da na ga tana aiki ita ce ka ɗaure kanka da abin da ke maimaituwa kowane mako. Taron maraba na dare ɗaya ba ya haifar da abota. Ƙungiyar ƙwallo, zauren muhawara, aikin sa kai ko rukunin bita da kuke haɗuwa duk Laraba shi ke haifarwa. Zaɓi biyu, ɗaya na fanninka, ɗaya na nishaɗi. Idan aka ce a kasu rukuni don aikin aji, tashi ka zauna da waɗanda ba ka sani ba. Makonni uku na farko kowa baƙo ne, kowa yana neman aboki, har 'yan ƙasar da suka zo daga wasu garuruwa. Bayan nan rukunoni sukan daskare.

Idan karatunka da Ingilishi ne a ƙasar da ba shi ake yi a titi ba, kamar Jamus, Turkiyya, Faransa ko Sin, kada ka yaudari kanka cewa ba ka bukatar harshen gari. Cibiyar harsuna ta jami'a kan ba da darasi kyauta ko da rahusa, gurbin kuma yana cika a kwanakin farko. A ma'aunin iya harshe na Turai mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, matakin B1 zai ba ka damar tafiyar da rayuwar yau da kullum, B2 kuma shi ne inda masu ɗaukar aiki suke fara sauraron ka da gaske. Yi magana ko da karyayye ne. Mai sayar da kaya da ya juya zuwa Ingilishi don ya sauƙaƙa maka, roƙe shi ya ci gaba da harshensa.

Mataki na bakwai: aiki, da iyakarsa

Ga iyakokin da ke kan ɗaliban waje a lokacin da ake karatu. Birtaniya: awa 20 a mako ga mai karatun digiri, kuma an hana sana'ar kai, wanda ya haɗa da yawancin ayyukan da ake biya bisa kowane aike. Amurka: awa 20 a cikin harabar jami'a, aikin waje kuwa sai da izini na musamman. Kanada: awa 24 a mako a wajen jami'a tun Nuwamba 2024. Ostireliya: awa 48 a mako biyu. Faransa: awa 964 a shekara. Jamus: cikakkun kwanaki 140 ko rabin kwana 280 a shekara tun Maris 2024. Tabbatar da naka a ofishin ɗaliban waje kafin ka sa hannu a ko'ina, kuma ka riƙa rubuta sa'o'inka da kanka. Ƙetare iyakar da awa biyu yana iya jawo soke biza, mai aikin da ya roƙe ka ka ƙara kuwa ba abin da zai same shi irin naka.

Ra'ayina a nan: iyakar doka ba ita ce iyakar jikinka ba. Awa 20 na aikin dare a rumbun kaya, a kan awa 40 na karatu, abu ne da zai fito a makinka. In hali ya tilasta, babu laifi, amma rage a makonnin jarrabawa. In kana da zaɓi, fifita aikin cikin jami'a, ɗakin karatu, ɗakin gwaji, jagorantar sababbin ɗalibai, domin sun san lokacin jarrabawa kuma suna kusa da mutanen da kake son su san ka.

Je ofishin shawarar aiki tun zangon farko da takardar tarihin karatunka da aikinka. Kowace ƙasa da salonta: a Amurka da Birtaniya ba a sa hoto ko ranar haihuwa, a Jamus har yanzu da yawa suna sa hoto. Za su yi maka gwajin hira kyauta. Buɗe shafin LinkedIn, nemi tsofaffin ɗaliban sashenku da ke aiki inda kake sha'awa, ka roƙi minti goma sha biyar na shawara. Kada ka fara da roƙon aiki.

Hattara da abu biyu. Duk wanda ya kira ka ya ce daga hukumar shige da fice yake, ka biya tara yanzu ko a kore ka, ɗan damfara ne. Kashe wayar ka kira ofishin jami'a. Duk wanda kuma ya ce a turo kuɗi ta asusunka ka miƙa wa wani a ba ka lada, yana so ya mai da kai jakin safarar kuɗin haram ne, kuma sunanka ne a kan asusun.

Mataki na takwas: jiki da zuciya

Makonnin farko akwai zumuɗi. Wajen wata na biyu ko na uku sai abin ya lafa, kewa ta shigo, komai ya fara ba ka haushi. Idan a arewacin duniya kake, wannan yakan haɗu da hunturu: a Landan cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Fita ka sha haske da rana ko na rabin awa ne, motsa jiki, kuma ka tsare lokacin barci. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar shan sinadarin bitamin D maikirogiram 10 a kullum a kaka da hunturu, masu duhun fata kuma su duba yiwuwar sha duk shekara.

In ka ga mako biyu sun wuce ba ka son tashi daga gado, ba ka cin abinci, kana gudun mutane, je sashen ba da shawara na jami'a. Sirri ne, ba ya shiga takardar makinka. Sa ranar kiran gida a mako ka tsaya a kanta. Kwana a waya da mutanen gida har asuba, saboda bambancin lokaci, yana sa jikinka ya kasance a nan, rayuwarka a can.

Mataki na tara: wata shida kafin ƙarshe

Yanke shawara da wuri: komawa, zama don aiki, ko ci gaba da karatu. Kowanne da agogonsa. A Amurka izinin aiki bayan kammala karatu, wanda ake kira OPT, wata 12 ne, da ƙarin wata 24 ga fannonin kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi, kuma ana iya nema tun kwana 90 kafin kammalawa. A Jamus akwai izinin zama na wata 18 don neman aiki. A Birtaniya bizar masu kammala karatu shekara biyu ce, uku ga masu digiri na uku, amma gwamnati ta sanar da rage ta shekara biyun zuwa wata 18 ga masu nema daga 1 ga Janairu 2027. Dole kuma ka nema kana cikin ƙasar kafin bizar ɗalibi ta ƙare. Gurabun digiri na uku a Amurka galibi ana rufe su a Disamba ko Janairu, kusan wata tara kafin a fara.

Ko mene ne zaɓinka, yi waɗannan kafin a rufe maka asusun jami'a, domin wasu suna rufewa makonni kaɗan bayan kammalawa. Kwashe ayyukanka, bayanan kwasa-kwasai da maƙalun da kake bukata zuwa ma'ajiyarka. Sauya imel ɗin jami'a a duk inda ka yi rajista da shi. Karɓi kwafin takardar maki fiye da ɗaya. Binciki ko inda za ka yi aiki suna bukatar a tantance satifiket ɗinka da hatimin hukuma ko na ofishin jakadanci, domin yin hakan kana cikin ƙasar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan yin sa ta wasiƙa. In fanninka na masu lasisi ne, kamar likitanci, aikin jinya, haɗa magani, lauya ko injiniya, tuntuɓi hukumar da ke ba da lasisi a inda za ka tun yanzu ka ji abin da za ta nema.

Sannan ka bi malaman nan biyu ofis ɗaya bayan ɗaya. Zuwa da kai ya fi aike. Gaya musu inda ka dosa, ka tambaye su kai tsaye ko za su yarda su rubuta maka shaida mai ƙarfi in an nema. Bar musu takardar tarihinka da kwafin aikin da ka yi a ajinsu, ka karɓi adireshin da za ka same su ko sun sauya jami'a. Bayan ka tafi, rubuta musu layi uku sau ɗaya ko biyu a shekara, ko da ba ka neman komai.